Ƙofa ta Takwas

Litinin, 8 ga Nuwamba

Ruwa bai ɗauke ba tun Juma'a. Kayan da na shanya a ɗaki sun fara wari.

Yau ma mun yi da Libardo. Na zo ofis, na nemi shiga babban rediyo ta ƙofa 2003, rauta, na'urar da ke haɗa layukanmu, ta hana ni, wai akwai mutum a ciki. Wane mutum? Ƙanena mana. Ya shiga tun jiya, ya rufe laftof ya tafi cin abinci abinsa. Na kore shi daga layin kamar kullum. Da ya shigo na gaya masa, sai ya ce, "Yaya Nohemí, ke da rautar nan uwarku ɗaya, kowa ya zauna sai kun tashe shi." Na ce uwata dai ita ce uwarka, kuma har ta koma ga Allah tana rufe ƙofa a bayanka. Dariya ya yi. Mutum ya haura arba'in, da 'ya'ya biyu, amma hali zanen dutse.

Matarsa Dioselina ta kawo mana arepa, wainar masarar da take sayarwa, ta tarar muna yi, ta ce don Allah yau dai a gaya mata wace ƙofa ce wannan da muke faɗa a kanta shekara da shekaru. Na ce ki ɗauka ɗakin na'urorinmu na kan dutsen La Cuchilla gida ne, tsohuwar rautar can ita ce zaure. A bayanta akwai kebul mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo, kowace ƙafa an soke ta a ƙeyar wata na'ura, wurin da ake yi mata magana ko ta ɓata da duk duniya. Daga nan ofis nake yin telnet zuwa rautar in faɗi lambar ƙofa, ita kuma ta juya ta fitar da ni ta wannan ƙafar, shi ya sa ake ce masa telnet na juyi. 2003 babban rediyon da ke ɗauko wa garin nan intanet daga birnin Pasto, 2005 akwatin batir, haka dai. Shida ne ke da na'ura, ta bakwai da ta takwas lilo suke a banza. Kuma kowane ɗaki mutum ɗaya yake ɗauka, in wani na ciki sai ka jira ko ka fitar da shi.

Ta ce, "To ashe banɗaki ne." Libardo ya kusa shaƙewa.

Gobe zai hau dutsen, babban rediyo yana ta yankewa. Na ce ya bari ruwa ya tsagaita. Ya ce mutanen garinmu Los Alisos ba sa biyan mu don mu jira rana.

Talata, 9 ga Nuwamba

Gara in rubuta.

Ya tafi da safe. Da rana ya kira, ya ce ya isa, ya kashe bakin babban rediyo yana gyara saitinsa, in ba shi awa ɗaya. Na ce to kada ka manta ka fita daga layina. Abin da na gaya masa kenan. Shi kenan abin da na gaya masa.

Da yamma muka ji ƙarar. Ba tsawa ba ce, ta ƙasa ta zo, kofin da ke kan teburina ya yi tafiya da kansa. Gefen La Cuchilla ya zaftaro. Ya ɗauke hanya, ya ɗauke turakun wuta da eriyar kamfanin waya, ya rufe gidajen Unguwar Gada. Na je. Maza na tono da shebur, da hannu, da marfin tukunya. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Babu wuta, babu waya. Hanyar da Libardo ke saukowa ta tsakiyar wurin ta ratsa. Kan dutsen kuwa gajimare ya rufe, ko hasumiyar rediyonmu ba a gani.

Bai sauko ba.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Na aro janareto a wurin mai gasa burodi. Ƙaramin layinmu na ko-ta-kwana, wanda ke tafiya daga rufin ofis kai tsaye zuwa rautar, ya tashi. Zaure ya buɗe. Ɗakin yana tsaye kenan, ko wani ɓangarensa.

Na tambayi rauta su wa ke ciki. Ga sunansa a zaure, ga shi kuma riƙe da ɗaki na uku. A gefe tana nuna tsawon lokacin da ya yi bai taɓa komai ba: tun jiya, dab da ƙarar.

Dioselina na bayana, ban ma ji shigowarta ba. Ta ga sunan ta durƙushe, tana kiran Budurwa Maryamu, tana cewa yana nan, yana nan. Ni kuwa na san abin da na sani. Sunan Libardo a kan layi ba shaidar komai ba ne. Sau nawa sunan yana can shi yana gida yana minshari? Yana iya yiwuwa yana ɗakin, yana iya yiwuwa ya zare laftof ya kamo hanya ƙasa ta same shi.

Sai ga Nas Aracely, rigarta duk laka. Tana da mutum uku a ɗakin shan magani da ba za su kai gobe ba in ba a fitar da su ba, ɗaya yarinya ce. Ta ce, "Doña Nohemí, ko minti biyar ne ki haɗa ni da Pasto." Babban rediyo yana nan yadda ya bar shi, baki a kashe, gyara rabi. Ba mai tashe shi sai ta 2003, kuma 2003 yana hannun Libardo.

Na gaya musu sai na fitar da shi daga ɗakin. Dioselina ta riƙe min wuyan hannu. "Yaya, kada ki goge shi. Don girman Allah kada ki goge shi." Na ce ba goge shi zan yi ba, zaure zai koma. Ta ce, "Ke dama kullum korar sa kike yi." Wannan ta shige ni.

Akwai abin da ban gaya musu ba. Na leƙa 2005, faifan sola rabinsu ba sa kawo komai, wataƙila ƙasa ta rufe su. Babban rediyo kuwa cin batir gare shi kamar alfadarin haya. In ya tashi, kwanakin da suka rage mana na ganin ɗakin nan sun ragu. Na tsaya, na yi lissafi, Allah ya gani na tsaya. Aracely tana kallona.

Na fitar da shi. Rauta ta tambaya ko na tabbata, na ce eh. Dioselina ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Na ƙarasa gyaran da ya fara. Aikinsa mai kyau ne, saura layi biyu kawai. Aracely ta samu Pasto, sun ce jirgi mai saukar ungulu zai zo da zarar sama ta buɗe.

Da kowa ya watse na tuna rauta na barin wanda ke zaure ya aika wa ɗan'uwansa rubutu, ya fito masa a fuskar kwamfuta. Na rubuta: Kai ɗan banza, in kana gani taɓa kowane maɓalli. Na jira. Na sake: Libardo, ba wasa nake ba. Lokacin da ke gefen sunansa sai ƙaruwa yake.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Na je wurin Don Eliécer, shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai. Tsoho ne, abokin babanmu, tun Talata bai cire takalmi ba. Na ce ku ba ni mutum huɗu su hau ta bayan dutse. Ya zaunar da ni a kan bokiti. Ya ce, "'Yata, ta baya zuwa da dawowa yini guda ne da igiya, ƙasar kuma har yanzu motsi take. A nan ina da mutanen da na san suna ƙarƙashi, jiya mun ciro ɗaya da rai. Kin tabbata yana sama?"

Da na ce eh, da ya tura su. Na ga haka a idonsa. Sunan yana kan allo, shi bai san rauta ba, wa zai ƙaryata ni? Amma yaran da zai tura na san iyayensu. In ƙasa ta tafi da ɗaya a kan ɗakin da ba kowa fa?

Na ce ban tabbata ba. Ya ce, "Kawo min shaida ko ta ƙwayar wake ce, ni zan yi gaba."

Na tsani gaskiya yau.

Da rana sama ta ɗan yage, jirgin ya sauka a filin ƙwallo ya kwashi mutanen Aracely. Na ruga na roƙi matuƙin ya zaga ta kan dutse. Ya nuna min gajimaren, ya girgiza kai. Ban ga laifinsa ba, amma na zage shi a raina.

Yanzu babban rediyo safe da yamma kawai nake kunna shi, mutane su yi layi a ƙofar ofis su gaya wa 'yan'uwa suna da rai. Wasu na ƙorafi wai lokacin ya yi kaɗan. Wata ta ce za ta daina biya. Na ce ki daina.

Batir na sauka.

Na yi ta rubuta masa. Tunda ba mai karantawa, me zai hana? Na gaya masa yaran suna gidan Inna Rosaura, sun ci abinci. Na gaya masa gyaransa ya yi kyau. Na tuna masa ranar da na goya shi muka haye rafi zuwa makaranta ya yi min fitsari a baya. Daga nan ban san yadda aka yi ba na rubuta: Duk duniya ba ni da kowa sai kai. Ban taɓa faɗa ba don kanka zai kumbura. Ka sauko ka bar duk ƙofofin a buɗe, ba zan ce uffan ba.

Na danna ya tafi. Na zauna ina jin kunya ni kaɗai a ofis, kamar wadda aka kama tana magana da bango.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Bari in bi a hankali, kada in tsallake wani abu.

Dioselina ta dawo da safe. Ba gaisuwa. Ta ajiye min ruwan mazarƙwaila mai zafi a tebur, da ƙarfi har ya fantsama, ta ja kujera ta zauna a bayana. Ina bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya ina kashe duk abin da ba dole ba don a rage cin batir. 2001, 2002, har 2006. Na gama na jingina.

Ta ce, "Saura biyu."

Na ce ba komai a cikinsu.

"Kin ce takwas ne."

Na ce takwas ne, biyu lilo suke, na gaya miki tun Litinin.

"Ki ƙwanƙwasa mana. Me zai rage ki?"

Raina ya ɓaci. Kwana nawa ban yi barci ba, ga mai sayar da arepa tana koya min aikina. Na ce to zo ki gani da idonki. Na buɗe 2007, na daddanna maɓallai, allo wayam. Na ce kin gani? A irin wannan layin abin da ka rubuta ba ya fitowa sai wani abu a can ƙarshen ya dawo maka da shi. Ba na'ura, ba amsa. Na buɗe 2008, na buga da haushi: babu kowa.

Sai ga shi a allon. babu kowa.

Na ɗauka kwamfutata ce ta rikice. Na koma 2007, shiru. Na dawo 2008, na danna harafin a, ga a. Na danna ta na riƙe, suka jeru har ƙarshen layi.

Ƙafar da ba a soke ta a komai ba, hanya ɗaya ce za ta dawo maka da maganarka: a fere kebul ɗin, a haɗa wayar da ke kai magana da wadda ke dawo da ita. Dabarar gwada kebul ce, ni na koya masa ita tun muna gyaran kwamfutoci a shagon kawu. Amma ruwa ma yana haɗa waya. Ɓera ma zai iya. Na riƙe kaina, na ce Nohemí, kada ki yi ihu tukuna.

Dioselina na ta tambaya mene ne, mene ne. Na ce yi min shiru. Na aika rubutu zaure: In kana ganin wannan, raba wayoyin. Na koma 2008 na riƙe maɓallin. Haruffa na tafiya, na tafiya.

Suka tsaya. Yatsana na kan maɓalli, allo ya daskare.

Na rubuta: Haɗa. Suka ci gaba.

Ban san na yi ƙara ba sai da mai burodi ya leƙo da itacen tanda a hannu. Dioselina ta riga ta fita da gudu ba takalmi, ta dawo tana jan Don Eliécer ta hannun riga.

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "'Yata, maganarki ce ke dawo miki. Kogo ma yana yin haka." Na ce kogo ba ya yin shiru in an ce ya yi shiru. Ya ce waya a cikin ruwa tana haɗuwa tana rabuwa, ya ga haka a mota. Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. Na ce to ku yi tambayar da kanku. Na rubuta wa Libardo ya bar su a rabe, in amsa eh ce ya haɗa.

Don Eliécer ya ce a tambaye shi ko zai iya tafiya. Shiru. Mun jira. A'a ce ko suma ya yi, wa ya sani? Ya ce a tambaye shi ko yana da ruwan sha. Haruffa suka zubo. Ko wani abu ne ya danne shi? Suka zubo. Ko yana zubar da jini? Shiru.

Tsohon ya sosa gemu. Ya ce, "Tambaye shi, kifin nan da ya ce ya kama a tafkin La Cocha bara, da gaske ya kai tsawon hannunsa?"

Na kalle shi. Ya ce rubuta. Na rubuta.

Ko daƙiƙa ba a yi ba haruffa suka cika layi.

Ya ce, "Shi ne. Ruwa ba ya ƙarya irin wannan." Ya juya yana goge fuska da hularsa, yana ƙwala wa yaransa kira su haɗa igiyoyi da abin ɗaga mota. Yau rana ta yi nisa, in suka tashi duhu zai same su a kan gangare. Sai asuba.

Dioselina ta ce in rubuta masa cewa in ya kuskura ya mutu kafin su iso, ita da shi ne. Na rubuta. Ya haɗa.

Na kashe babban rediyo gaba ɗaya, na manna takarda a ƙofa. Wanda zai yi fushi ya yi. Saura rauta, ƙaramin layi, da soket ɗin da laftof ɗinsa ke ciki. Akwatin batir ya ce zai kai gobe. Bai ce gobe da yaushe ba.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Sun tashi su shida, tsohon a gaba. Ruwa ya dawo.

Jefi-jefi nake tambayarsa, kada in gajiyar da shi. Kana nan? Eh. Na gaya masa sun wuce makiyayar Don Arquímedes, duk da ban sani ba, kintace nake. Kana nan? Eh, amma amsar na daɗewa. Haruffan ma a tsinke suke zuwa, kamar hannun ba ya riƙewa.

Wajen tsakar rana na tambaya, shiru. Na sake, shiru. Na zage shi, na lallashe shi, na ce Libardo Erazo, in ka yi min haka ba zan yafe maka ba. Dioselina ta ƙanƙame ni ta baya tana addu'a a cikin gashina. Can sai harafi uku suka fito, suka tsaya.

Bayan nan allon ya ce an yanke. Na sake nema, ba zaure, ba komai. Batir ya ƙare.

Mun zauna. Na kashe janareto don ba shi da amfani, sai na ji gara ƙararsa, na sake kunnawa. Dioselina ta share ofis sau biyu. Ba ta taɓa share min ofis ba.

Daga baya. Sun sauko da shi a kan ƙyauren ɗakin, rana na faɗuwa. Fari fat, leɓe a fashe, ƙafar dama ba kyan gani. Yana numfashi. Yana numfashi.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Jirgi ya tafi da shi Pasto, da matarsa. Na yi barci a ƙasan ofis har aka fito daga coci.

Laraba, 17 ga Nuwamba

Sun yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Dioselina ce ta gaya min a waya, muryarta tsaf.

An binne mutum tara na Unguwar Gada yau. Ina tsaye a maƙabarta ina jin kunyar farin cikina.

Talata, 23 ga Nuwamba

An buɗe hanya ta zagaye, na je asibiti. Ya rame, amma bakin yana nan. Yana ganina ya ce, "Ga Hukuma ta iso, kowa ya fita daga layi."

Ya ba ni labari a gutsure. Bangon baya ne ya faɗo da katakon rufi, ya danne masa ƙafa. Kantar na'urori na ɗaya bangon, laftof na kai a buɗe, yana gani, hannu ba ya kaiwa. Daren Talata ya ɗauka garin duka ya tafi, har da yaran. Ya ce bai ga dalilin ƙoƙari ba, ya kwanta yana jira.

"Sai ranar Laraba na ga an yi waje da ni daga ɗaki na uku. Na ce na gode Allah, Yaya na da rai, ba mai wannan rashin mutuncin sai ita."

Dioselina ta sunkuyar da kai tana gyara bargon da ba abin da ya same shi.

Da bel ɗinsa ya yi ta jifan ƙafar da ke lilo har ya jawo ta. Da haƙori ya fere. Na ce yaushe ka haɗa? Ya ce Laraba da yamma.

Laraba. Ni kuwa sai Juma'a na buɗe, shi ma don in kunyata matarsa. Yana kwance yana matse waya biyu da yatsu, ni ina can ina bin ƙofofin da na san akwai na'ura, don ni mai tsari ce, ba na ƙwanƙwasa ɗakin da ba kowa. Na tambayi likita a baranda ko da an zo da wuri da an ceci ƙafar. Ya ce ba wanda zai iya faɗa. Na so ya ce a'a.

Na koma na ce masa, Libardo, ban duba ba. Ya ce, "Na sani. Ni ma da ni ne ba zan duba ba." Ƙarya yake, shi da yake shiga ko'ina kamar akuya.

Bai ce komai a kan rubuce-rubucen da na aika ba. Wataƙila na Juma'a kawai ya gani, sauran yana cikin zazzaɓi. Wataƙila daga ƙasa ƙananan haruffa ba sa karantuwa sosai. Haka nake fata.

Alhamis, 9 ga Disamba

An sallame shi. Yana koyon sanduna, yana faɗuwa, yana zagin su. Ya ce zaman gida zai kashe shi, na ba shi kujerata a ofis. Na ɗan lokaci ne.

Na sayi takalmin roba mai tsawo. Wani dai dole ya riƙa hawa.

Asabar, 18 ga Disamba

Na hau La Cuchilla. Rabona da ita tun ranar da aka kafa hasumiyar. Gwiwoyina sun gaya min maganganu. Magina sun riga sun tayar da bangon, an sa sabbin faifan sola, saura in canja kebul mai ƙafa takwas, na taho da sabo a jaka.

Na sallami maginan su je su ci abinci. Ƙafa ta takwas tana nan a ƙasa inda ya sake ta, robar duk sawun haƙori, wayoyi biyu tsirara. Na ɗora laftof ɗina a kanta, daidai inda nasa ya zauna, na shiga zaure. Na leƙa waje, ba kowa. Sai na kwanta a ƙasan, a wurin da simintin ya canja launi, na ɗaga kai.

Ana gani. Kowane harafi, tar.

Ina kwance a haka rubutu ya fito daga ofis: Yaya, ba sai kin ɓata rigarki ba, ana gani sarai.

Ɗan banza. Ban motsa ba.

Wani ya biyo: Maganar ranar Alhamis ɗin nan, wai ba ki da kowa sai ni, tana nan? Ina ƙofa ta takwas.

Ga maɓallai can a kanta, tashi kawai zan yi in rubuta masa ya fita daga layina, ya bar ni in yi aiki. Amma kebul ɗin yana kusa da hannuna, kuma ai ko ba komai ya kamata a gwada shi kafin a cire.

Na haɗa wayoyin. Na ɗan daɗe ban saki ba.